Karen Amana a Kujerar Baya

Ban taɓa ɗaukar kare da hannuna ba sai da na haura shekara hamsin. A unguwar da na tashi a Katsina, kare abin gudu ne. In ya shinshina zanenki, wanki ya same ki. To sai ga shi aikina a nan Greensboro, na kula da tsofaffi a gidajensu, ya kai ni gidan wata tsohuwa Baturiya a Pleasant Garden. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo yana can wata jiha mai nisa. Ita kaɗai ce a cikin ƙaton gida da ƙaton fili, sai ɗan karenta. Mama nake ce mata. Da farko abin dariya yake ba ta, daga baya in na kira ta da wani abu daban sai ta ɓata rai.

Karen bai fi mage girma ba. Fari ne mai nannaɗaɗɗen gashi, shi ma ya tsufa, haƙoransa na gaba sun zube. Shekara biyu ina shiga gidan, kowa ya san iyakarsa: ni ina tattare bakin abayata, shi yana kallona daga ƙarƙashin tebur.

A wani watan Yuli Mama ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki, aka mayar da ita gidan jinya inda za ta yi makonni tana koyon tafiya. Wata maƙwabciyarta ta karɓi karen, amma ta ce a ƙarshen mako na biyu za ta yi tafiya, sai a nemi wani. Na ce wa Mama ai akwai wuraren da ake ajiye karnuka. Ta girgiza kai. Ta ce sau ɗaya ta taɓa kai shi, ya yi kwana huɗu bai sa komai a bakinsa ba, da ƙyar aka ceto shi. Sai ta kama wuyan hannuna da yatsunta masu sanyi.

"Ke ya sani," in ji ta. "Kwana uku ne kawai. Ba ni da wanda zan ba shi."

Na ce to. Sai da na fito wajen fakin na tuna cewa a wannan ƙarshen makon ne za mu tafi kwanan daji.

Maigidana ya shekara ashirin yana faɗin magana ɗaya duk lokacin zafi: wai tun da ya zo ƙasar nan bai ƙara kwana yana kallon sama ba. A ƙauyensu, da bazara ta shigo, kowa tabarma yake ja tsakar gida. A nan kuwa tagogi a rufe, esi na ta gurnani. 'Yarmu da ke jami'a ta gaji da jin zancen, ta sayo mana tanti, ta kama mana wuri na kwana biyu a wani sansani a cikin duwatsun yamma, shi kuma da ƙyar ya samu hutu a sito ɗin da yake aiki. Har ya gwada kafa tantin a tsakiyar falo.

Na bari sai da ya ci abinci na gaya masa.

"Kare?" ya ce. "A motata?"

"Amana ce, Alhaji. Na riga na amsa."

"Kin amsa da bakinki, ni kuma in ɗauka da motata. Inda nake ajiye sallayata."

Washegari bayan la'asar ya tsaya ya tambayi limaminmu. Malam ya ce masa a mazhabarmu kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne, abin da aka ce shi ne a wanke ƙwaryar da ya sa baki. Kuma wannan ba kiwo ba ne, taimakon marar lafiya ne. Ya dawo ya kafa mini sharuɗɗa: ba zai taɓa shi ba, ba zai kusanci sallaya ba, ba zai shiga tanti ba. Na amince da duka, duk da ban san inda zai kwana ba in ba a tantin ba.

Ranar Alhamis na koma wajen Mama, ta sa na zauna na rubuta. A kujerar baya zai zauna, ba gaba ba, don in aka yi karo jakar iskar nan ta gaban mota ta fashe za ta kashe shi. Akwai wata 'yar rigar madauri da ake sa masa a ƙirji, a maƙala ta a bel ɗin kujera. Kada in ɗaure shi ta wuya. Kada ya leƙa kai ta taga. A tsaya duk bayan awa biyu ya sha ruwa ya yi fitsari, kuma kafin in sauke shi in dafa kwalta da tafin hannuna, in ta ƙona ni to za ta ƙona shi. Ban da albasa, ban da busasshen inabi, ban da ƙashi.

"Sannan," ta ce, ta ɗaga yatsa, "kada ki bar shi a mota. Ko minti ɗaya. Ko kin sauke gilashi."

"Na ji, Mama."

"Maimaita."

Na maimaita kamar 'yar makarantar allo.

Da safiyar Juma'a muka ɗauko karen a gidan maƙwabciyar da kejinsa da kwanukansa da abincinsa. Na sa masa rigar, ƙirjinsa a tafina kamar na ɗan tsako, zuciyar tana bugawa da sauri. Muka biya ta titin Gate City Boulevard don Alhaji ya sayi naman halal da burodi. Ni na zauna a mota, esi a kunne. Ina zaune sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Wata Hajiya ce 'yar Damagaram da muke haɗuwa a wajen suna da walima. Na sauke gilashin kaɗan, muka gaisa, tana tambayar yara, sai karen ya yi wani ɗan haushi siriri. Ta leƙa baya, ta dawo da idonta kaina.

"A bon, haka ne? Hajiya, ci gaba aka samu?"

"Na wadda nake yi wa aiki ne, tana asibiti."

"To, Allah ya ba ta lafiya," ta ce, tana jan maganar. Na san kafin a sauko daga Juma'a labarin ya zaga. Ya dame ni har muka hau babban titi, daga nan kuma wata damuwar ta ture shi.

Karen bai daina kuka ba. Ba haushi ba, wani ɗan nishi ne a maƙogwaro, yana yi yana kallon ƙofa. Duk bayan minti biyu sai na waiwaya. Ko bel ɗin ya matse shi? Ko amai zai yi? Ko rana ce ke dukansa? Na rataya mayafina a tagar gefensa. Wata babbar mota ta wuce mu, motarmu ta girgiza, na ƙanƙame kujera.

"Hajiya, wuyanki zai ƙage," in ji Alhaji. "Ni da nake tuƙi ba ki tambaye ni ko ina jin ƙishirwa ba."

Mun wuce Winston-Salem da nisa, duwatsun sun fara bayyana shuɗi-shuɗi, muka shiga wani wurin hutawar matafiya don mu yi azahar. Duk inda ke da inuwa an riga mu, sai muka yi fakin a tsakiyar rana. Muka shirya cewa shi zai fara salla ni in zauna da karen, in ya idar mu yi musanya. Ya kashe mota, ya jefa makullin a ɗan ramin ajiye kofi tunda ina ciki, ya ɗauki buta da sallaya a but, ya rufe, ya nufi famfo.

Na juya na cire karen daga bel don in kai shi kan ciyawa. Ƙofar da ke kusa da shi tana ɗaya gefen ne. Na fita, na tura tawa ƙofar ta rufu don kada ya diro cikin motoci, na fara zagayawa ta gaban mota. Shi kuma da ya ga na fita, sai ya tsallako kujerar gaba yana bin ni da ido, ya haye kujerar direba, ya ɗora ƙafafunsa biyu a jikin ƙofa.

Na ji ƙarar. Ƙas! Ya taka maɓallin kullewa, duk ƙofofin huɗu suka kulle lokaci ɗaya.

Na ja ta direba. Na ja ta baya. Na zagaya na ja sauran biyun, na koma na sake jan ta farko kamar za ta canja shawara. Ga makulli can ina kallonsa. Ga jakata da wayata a ƙasan kujera. Gilasai duk a rufe ruf. Shi kuma yana ta kaɗa jela, yana zaton wasa muke.

"Alhaji!"

Ban san na iya ihu haka ba. Ya taho da sauri, hannun riga a naɗe, buta cike a hannunsa, ruwan alwala na ɗiga a gemunsa. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, ya ja ƙofa sau ɗaya, ya leƙa, ya ce, "Innalillahi." Ya ciro wayarsa ya kira masu kawo ɗauki a hanya. Ina jin sa yana maimaita sunan wurin, yana cewa akwai dabba a ciki. Ya sauke wayar.

"Sun ce kusan awa ɗaya."

Na dafa rufin motar, na janye hannu da sauri. Motarmu baƙa ce.

Sai na ce bari in sa shi ya sake taka maɓallin. Na durƙusa a jikin ƙofar direba ina buga gilashi, ina tafi, ina kiransa da Hausa da Turanci, mace mai jikoki a gida, mutane na wucewa suna kallo. Ya yi tsalle sau uku, sau huɗu, ƙafarsa na sauka kusa da maɓallin amma ba a kansa ba. Daga baya na gane tsallen nan ƙara masa zafi ya yi. Ya daina. Ya zauna yana haki, harshe a waje. Can sai ya sauka ƙarƙashin sitiyari ya kwanta, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa, yawu na zuba. Na buga gilashi, bai ɗago ba.

Ban san minti nawa aka yi ba. Har yau ban sani ba. Abin da na sani, muryar Mama ce kawai a kunnena tana cewa in maimaita.

Alhaji ya ɗauko dutse a gefen ciyawa. Motar nan shi yake wanke ta da kansa duk Lahadi, ko yara ba ya bari su jingina da ita. Ya doki gilashin baya, dutsen ya dawo kamar ya doki roba. Ya sake, ko tsagewa bai yi ba. Sai ga wani direban tirela, baƙar fata, ƙato mai furfura, ya taho da wani guntun ƙarfe da suke bubbuga taya da shi. Ya leƙa ya ga inda karen yake, ya nuna tagar baya ta ɗaya gefen, mafi nisa da shi, ya ce a doki kusurwa ba tsakiya ba. Ya miƙa wa Alhaji ƙarfen, ya ce motarka ce, kai za ka fasa.

Duka ɗaya. Gilashin ya zube kamar tsakuwa. Alhaji ya zura hannu ya buɗe, zafin da ya fito ya bugi fuskata kamar an buɗe tanda. Kafin in zagaya ya riga ya buɗe ƙofar direba, ya sunkuya, ya ciro karen da hannu biyu. Jikinsa ya saki, kansa na lilo a kan hannun kaftanin.

Muka ruga gindin wata bishiya. Na ce a kawo ƙanƙara daga kula, direban ya ce a'a, ban da ƙanƙara, ruwa mai ɗan sanyi kawai, a jiƙa ciki da tafin ƙafa, a yi masa fifita. Ruwan da ke kusa shi ne na buta. Alhaji ya durƙusa a ciyawa yana tsiyaya masa a ciki a hankali, ni ina fifita da ɗankwalina na sama, ina ta salati. Sai a lokacin na ga jini yana bin gwiwar hannunsa; gilashin ya yanke shi.

Karen ya buɗe ido. Ya lashi ruwan da ke tafin hannuna, sau biyu, ya huta, ya sake. Na fashe da kuka.

Direban ya duba mana a wayarsa inda likitan dabbobi yake a gari na gaba. Muka kakkaɓe gilashi daga kujera, na rungume karen a cikin jiƙaƙƙen tawul, esi a ƙure. Likitar, wata matashiya, ta gwada zafin jikinsa, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, ta saurari ƙirji. Ta riƙe mu fiye da awa tana sake gwadawa. A ƙarshe ta ce mun fitar da shi a kan lokaci, amma in sa ido kwana ɗaya: in ya yi amai, ko ya kasa tsayawa, ko dasashin ya canja launi, mu dawo da gudu. Ta nuna mini yadda lafiyayyen dasashi yake. Ta kuma ba Alhaji filasta.

Mun yi azahar da la'asar a bayan asibitin. Da muka idar na ce mu koma gida.

"Gida ya fi nan nisa," ya ce. "Kuma likita ta ce saman dutse ya fi Greensboro sanyi. In wani abu ya taso, nan kusa ne da ita."

Muka liƙe tagar da baƙar leda da salatif. Duk hanyar hawan dutsen ledar na ta faf-faf-faf, ni kuma na koma kujerar baya kusa da shi, na mayar masa da bel, makulli kuwa tun daga ranar in ba a jikin mota yake ba to yana aljihun wani.

Sansanin yana cikin dogayen itatuwa, ga wani rafi a ƙasa ana jin ƙararsa. Iska mai sanyi. A bakin ƙofa akwai allo mai hoton wasu namun daji, an rubuta kada a bar abinci a waje, kada a saki kare. Mai gadin wurin ya ga karen da ke hannunmu, ya ce irin wannan ƙaramin ko na ɗan lokaci kada a bar shi shi kaɗai, akwai karnukan daji, akwai manyan mujiyoyi.

Na ɗaure igiyarsa a ƙafar tebur. Tantin da ya tsaya lafiya a falo, a nan ya ƙi. Muka zura sanda inda ba nan ba, muka zare, muka yi musu, ni rabin hankalina na kan karen. Na zuba masa abinci, ya shinshina ya kau da kai. Na ɗaga leɓensa na duba. Bayan minti biyar na sake dubawa. Har ya fara gudun hannuna. Alhaji ya hura gawayi yana gasa nama, wani yankin albasa ya faɗi ƙasa, na yi wani irin tsalle na take shi da ƙafa har na kusa kifar da tukunyar shayi.

"Hajiya, zauna," ya ce. "Ki ci abinci. Kallonki ma ya ishe shi ciwo."

Na ci loma uku. Kafin magariba ya shimfiɗa tabarma a gaban tanti ya kwanta rigingine, hannunsa mai filasta a kan ƙirji, yana kallon sama ta tsakanin rassan. Ina so in taya shi murna, amma zuciyata na kan maganar mai gadi. Da muka yi salla, na tsaya da kejin a hannu, ban san inda zan nufa da shi ba. Mota ba ta da gilashi. Waje akwai abin da ke akwai. Alhaji ya dube ni, ya karɓi kejin, ya shiga da shi tanti ya ajiye ta wajen ƙafafu, nesa da inda sallaya take.

Da gari ya waye na tarar da karen a tsaye a cikin keji yana karce ƙofa. Na fita da shi, ya ja ni zuwa gindin wata bishiya, ya ɗaga ƙafa ya yi fitsari mai yawa, ban taɓa zaton zan yi hamdala a kan irin wannan ba. Ya dawo ya cinye abincinsa tas. Na bi jikinsa da yatsa ina neman kaska, na samu ɗaya a bayan kunne, na cire. Ranar mun sauka rafi, Alhaji ya tsoma ƙafafunsa a ruwa, mun sha shayi sau uku. Amma wata damuwar ta riga ta zauna: me zan ce wa Mama?

Alhaji ya ce tunda lafiya lau yake, kada in tayar wa marar lafiya da hankali. Na yi ta juya maganar har muka dawo ranar Lahadi, muka mayar wa maƙwabciyar da karen. Litinin na je gidan jinya, na same ta a keken guragu kusa da taga. Na zauna na faɗa mata komai, tun daga rufe ƙofar har likita.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Minti nawa?"

"Ban sani ba, Mama."

Ta juya fuskarta wajen taga. Na jira. Na ce ta yafe mini, ba ta amsa ba. Wata ma'aikaciya ta shigo za ta kai ta motsa jiki, na tashi na fita.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara. Ita ce. Ta ce an yarda a kawo dabba lambun gidan jinyar, in ɗauko shi daga wajen maƙwabciya in zo da shi. Na kai shi. Tun daga nesa ya fara fizgar igiya. Na ɗora mata shi a cinya, ta bi shi da hannu ko'ina, kunne, ciki, tafin ƙafa, ta ɗaga leɓensa, shi yana ta lasar haɓarta. Ta daɗe fuskarta na cikin gashinsa.

Sannan ta ɗago, idonta ja.

"Jiya na kasa magana ne," ta ce. "Da kin yi shiru ba zan taɓa sani ba." Ta share hanci. "Yaya hannun mijinki?"

Na ce ya fara warkewa.

"Ki ce masa ina son in gan shi. Yanzu sauke wannan, kai shi can wajen furanni, na ga alamar ya matsu."